Fluent, proficient, competent: ba duka ne "na iya" ba

Duk wanda ya taɓa zama cike fom ɗin neman aiki, ko na skolaship, ko ma buɗe shafi a LinkedIn, ya san wurin nan da za a tambaye ka yarukan da kake ji sannan a jera maka kalmomi a ce zaɓi ɗaya: basic, intermediate, fluent, proficient, native. Abun da yawancinmu ke yi shi ne mu ƙare musu kallo mu ga wacce ta fi kama da babba mu dangwala mata a wuce wurin. Wani kuma saboda kunya da gudun kar a ce ya cika baki sai ya zaɓi basic, alhali da Turancin ya yi digirinsa tun daga aji ɗaya har ya rubuta furojet ya kare shi a gaban malamai. Dukansu biyun sun cuci kansu, kuma laifin ba nasu ba ne su kaɗai, yadda aka koya mana ne, kusan duka kalmomin nan da "iya" ko "ƙwarewa" aka fassara mana su aka tafi aka bar mu.

Gaskiyar magana kalmomin nan hawa-hawa ne, kowacce da inda ta tsaya. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, a tsangaya akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, sannan malam, alaramma, gwani, har gangaran. Wanda bai san harkar ba cewa zai yi ai duk masu karatun allo ne, amma je ka gaban mahaddata ka kira gardi da gwani ka ga irin kallon da za a yi maka. Inda na Turancin ya fi rikitarwa shi ne jerin ba guda ɗaya ba ne a duniya, kowace hukuma da nata, kalma ɗaya sai ka same ta ita ce ƙololuwa a wajen waɗannan, a wajen waɗancan kuma akwai wadda ke samanta.

Bari mu faro daga waɗanda suke bakinmu kullum, wato "can" da able da capable, "can" ɗin Turanci fa nake nufi ba namu na nuna nesa ba. "I can drive" da "I am able to drive" kusan abu ɗaya ne, na iya tuƙi, sai dai na biyun ya fi kama da maganar takarda, kuma shi ake ɗaukowa a inda "can" ba ta shiga, misali in abun nan gaba ne sai ka ce "I will be able to", ba a cewa "I will can". To mu a Najeriya sai muka haɗe su muka samar da "can be able to", zaka ji ta a bakin manya a rediyo da talabijin har ta zama kamar ado, amma maimaici ne kawai, kuma mai makin jarabawa a waje ba ruwansa da cewa a bakin ɗan majalisa ka ji, kuskure zai lissafa maka.

Wadda ta fi wannan kama mutane ita ce could. A makaranta an ce mana ita ce "can" ta abun da ya wuce, shikenan aka tsaya nan. Amma could tana aiki ne a kan iyawar da mutum yake da ita gabaɗaya a da, kamar "When I was ten I could swim", tun ina shekara goma na iya iyo. In kuwa abu ne guda ɗaya da ka yi nasarar yi a wani lokaci, to "was able to" ake cewa, ko "managed to" in da ƙyar aka sha. Ka ɗauka kana intabiyu aka ce ka ba da labarin wani aiki mai wuya da ka taɓa yi, sai ka ce "I could finish the report before Friday", kai a ranka kana nufin ka gama rahoton kafin Juma'a, shi kuma mai sauraro abun da ya ji shi ne mai yiwuwa ka iya gamawa kafin Juma'a mai zuwa. Aikin da ka riga ka yi ka hana idonka barci a kai ka mayar da shi alkawari da bakinka. Abun mamaki in korewa ce babu wannan rigimar, couldn't tana shiga ko'ina.

Capable ita kuma tana magana ne a kan abun da ke cikin mutum ko da bai fito ba tukuna. "She is capable of leading a team" na nufin tana da abun da ake buƙata, ko da ba a taɓa ba ta shugabancin ba. Shi yasa malami zai rubuta a ripot kad cewa yaro "is capable of doing better", uba ya karanta ya ji daɗi, alhali cewa ake yaron nan yana da kai amma wasa ya yi masa yawa. Kuma tana da wata fuska mara kyau, in Bature ya ce "he is capable of anything" ba yabo yake ba, cewa yake babu abun da mutumin nan ba zai iya aikatawa ba, a yi hattara da shi. Sai a kula da 'yan rakiyar kowacce, able da ability da "to" suke tafiya, capable kuwa "of" take ɗauka.

Yanzu mu zo kan competent, wadda ni a ganina ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Ma'anarta mutum ya kai mizanin da ake buƙata, zai yi aikin ba tare da ya ɓata ba, ba sai an tsaya a kansa ba. Ba ta ce ya fi kowa ba, ba ta ce akwai burgewa ba. Shi yasa nauyinta ke canzawa da wurin da aka faɗe ta. A asibiti in aka ce likitan tiyata competent ne magana ce babba, ka kwanta hankalinka kwance. A kotu kuma ta bar batun gwaninta gabaɗaya ta koma hurumi, "court of competent jurisdiction" ɗin nan da lauyoyi ke yawan faɗa kotun da doka ta ba hurumin sauraron shari'ar ce, ko alƙalin ya iya aikinsa ko bai iya ba wannan wata maganar ce daban, haka competent witness shi ne wanda doka ta yarda ya ba da shaida. Amma ka rubuta littafi ko ka shirya fim mai sharhi a jaridar Ingila ya ce aikin competent ne, to kar ka yi saurin murna, cewa yake ba laifi dai, babu kuskure amma kuma babu armashi. Mutanen Ingila sun iya wannan salon na yabon da a cikinsa akwai ranƙwashi.

Duba yadda IELTS ta jera nata, jarabawar Turancin nan da British Council da IDP da Cambridge ke gudanarwa. Makin daga 0 ne zuwa 9 kuma kowanne da sunansa, 9 expert user, 8 very good user, 7 good user, 6 competent user, 5 modest user, 4 limited user, a haka har ƙasa. Ka lura da kyau, good tana sama da competent. Da yawanmu in aka ce mu zaɓa tsakanin biyun competent za mu ɗauka saboda ta fi tsawo ta fi kama da Turancin manya, good kuwa ai tun firamare muka san ta, to ga shi nan ita ce a gaba. Bayanin da suka yi wa mai 6 shi ne yana sarrafa harshen yadda ya kamata a mafi yawan lokuta amma akwai kurakurai da rashin fahimta jefi-jefi.

Hukumar shige da fice ta Ostiraliya ma ta mayar da kalmomin nan lissafi tsagwaronsa. A wajensu competent English shi ne ka samu aƙalla 6 a kowane ɓangare na IELTS guda huɗu, saurare da karatu da rubutu da magana, proficient 7 a kowanne, superior 8. A bizar ma'aikata mai tara maki, competent sifili take ba ka, ita kawai ƙofar shiga ce, proficient tana ba da maki 10, superior 20, kuma mafi ƙarancin da ake nema kafin ma a kalli takardunka 65 ne. Kaga kenan tsakanin kalmomi biyu da muka ɗauka duk "ƙwararre" suke nufi akwai maki goma cur, kuma wannan goman kaɗai tana iya raba wanda aka gayyata da wanda zai ci gaba da zaman jira.

To mene ne proficient ɗin takamaimai? Bayanin da ya fi kwanta min ba daga harkar harshe ya fito ba. A 1980 wasu 'yan'uwa biyu malamai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Stuart da Hubert Dreyfus, suka yi wa rundunar sojan saman Amurka nazari a kan yadda mutum ke koyon aiki, daga baya tsarin nasu ya zauna a kan mataki biyar, novice, advanced beginner, competent, proficient, expert. Wata malamar aikin jinya mai suna Patricia Benner ta ɗauki tsarin ta ɗora shi a kan nas-nas, kuma har yau ana koyar da shi a makarantun jinya. A bayaninta nas competent ita ce wadda ta yi shekara biyu zuwa uku a irin aiki ɗaya, ta san tsara aikinta, tana bin ƙa'ida daki-daki ba ta tsallake komai. Proficient kuwa ta daina ganin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, tana shiga ɗaki ta kalli mara lafiya ta ga al'amarin a dunƙule, ta san wanne ne zai jira wanne ne ba zai jira ba. Expert ita ce wadda za ta ce a kira likita yanzu-yanzu jikin mutumin nan zai rikice, alhali awon da ke kan takarda bai nuna wani abun tashin hankali ba, ka tambaye ta me ta gani ta kasa yi maka bayani filla-filla, saboda abun ya riga ya bi jikinta. Duk wanda ya taɓa jinyar wani a asibitin gwamnati ya san irin matan nan, yawanci su ne waɗanda sabbin likitoci ke yi wa ladabi.

A wannan jerin proficient ita ce ta biyu daga sama, a na Ostiraliya akwai superior a kanta, amma a tsarin Turai da ake kira CEFR ita ce ƙarshen hawa. Council of Europe ce ta fitar da shi a 2001, ita wannan daban take da Tarayyar Turai, kuma ya raba masu jin kowane harshe gida shida, A1 da A2 basic user, B1 da B2 independent user, C1 da C2 proficient user. Babbar jarabawar Turanci ta Cambridge ma wadda aka fara tun 1913 Proficiency ake ce mata, yanzu sunanta C2 Proficiency.

A nan ne fa ɗan Najeriya ke faɗawa rami ido buɗe. A WAEC da NECO A1 ita ce ƙololuwa, B2 da B3 na biye, C4 zuwa C6 kiredit, F9 sai a sake lale. A CEFR abun a kife yake, mai A1 shi ne wanda bai wuce gaisuwa da faɗin sunansa da tambayar kuɗin abu a shago ba, C2 ce can sama. Sai ka ga yaron da ya ci A1 a Turancin WAEC, wanda duk unguwa aka yi ta zancensa, ya zo cike Europass, wato fom ɗin neman aiki da karatu na Turai, ko fom ɗin wata jami'a a Jamus, ya hango A1 a jerin ya danna da ƙarfin gwiwarsa, ya shaida wa Turawa da hannunsa cewa bai san komai ba sai good morning. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sabawa da wannan lissafin saboda jarabawar Faransanci ta DELF da DALF a kansa aka gina ta, DELF daga A1 zuwa B2, DALF kuma C1 da C2. In kana son ka kwatanta da IELTS, 5.5 zuwa 6.5 su ne B2, 7 zuwa 8 C1, kuma B2 ɗin nan ita ce Birtaniya ke nema a bizar ɗalibin da zai yi digiri. Hukumar nas-nas da ungozoma ta Birtaniya kuwa 7 take nema, sai a rubutu ta sassauta zuwa 6.5. Kuma duk da Turanci ne harshen gwamnati a Najeriya, ba ma cikin jerin ƙasashen da Birtaniya ke ɗauka a matsayin masu yawancin magana da Turanci, shi yasa ake cewa mu kawo shaida, ko da yake akwai jami'o'insu da dama da ke karɓar C6 ta WAEC.

Sai fluent, sarauniyar sibi, wato CV. Asalinta daga kalmar Latin ce mai nufin kwarara, wato magana tana zuba ba gargada, ba ka tsayawa kana lalubo kalma kana "eh, eh". Abun da mutane ba su cika lura ba shi ne fluent ba ta yi alkawarin daidaito ba. Akwai wanda ya yi zaman Legas ko Fatakwal shekara da shekaru, in ya buɗe baki Turanci na zuba kamar ba gobe, amma ka ba shi biro ya rubuta wasiƙar neman aiki sai ka riƙe baki. Akwai kuma malamin jami'ar da zai rubuta maƙala shafi talatin ba ka samu waƙafi ɗaya da ya kauce ba, amma a tsayar da shi gaban baƙi sai ya dinga ɗauko kalma ɗaya-ɗaya yana dubawa kafin ya ajiye. Na farko ya fi fluency, na biyu ya fi accuracy, wato daidaito, kuma ma'aikata daban-daban ne ke buƙatar kowannensu. Ko a ɓangaren magana na IELTS abu huɗu ake auna wa, kwararar magana da haɗuwarta, yawan kalmomin da kake da su, nahawu, da furuci, kaga kwararar kashi ɗaya ce kawai cikin huɗu.

Kuma don Allah a daina haɗa fluent da karya harshe. Mutum ya dinga maƙale murya yana kwaikwayon 'yan Landan ba shi ne fluency ba. Haka Bahaushen da "p" da "f" ke sarƙe masa har 'yan kudu su samu abun tsokana, wannan batun furuci ne, kuma abun da mai maki ke dubawa shi ne ana gane abun da kake faɗa ba tare da wahala ba ko kuwa, ba wai ka yi kama da ɗan wace ƙasa ba. Gyara shi yana da kyau tunda "pull" da "full" ba abu ɗaya ba ne, amma kar wannan ya sa mai jin Turanci sosai ya rage wa kansa matsayi a fom. Wani abun kuma, fluent ta harshe ce. Ana jin masu harkar kwamfuta suna cewa wane fluent ne a Python, salon magana ne nasu, amma a takardar neman aiki proficient ce ta dace da Excel da AutoCAD da makamantansu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa amfani da tata fassarar a tallan ayyukanta, a lokacin fluency na nufin ka zaɓi fluent a duka huɗun, karatu da rubutu da magana da fahimta, "knowledge of" kuma ya ishe ka in ka kai matakin confident a biyu daga cikin huɗun. Masu neman aikin ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da Damaturu sun saba ganin irin layin nan da ke cewa fluency a Turanci dole ne, knowledge na Hausa ko Kanuri kuma ƙarin tagomashi ne, to ba don ado aka canza kalmar a tsakiyar jimla ba.

Jerin LinkedIn shi kuma daban ne, elementary, limited working, professional working, full professional, sai native or bilingual. Ba su suka ƙirƙiro shi ba, daga ma'aunin gwamnatin Amurka ne da ake kira ILR, mai lamba 0 zuwa 5, wanda ya samo asali daga makarantar horar da jami'an diflomasiyyarsu a shekarun 1950. Mataki na 3 shi suke so jami'i ya kai kafin su ce zai iya aiki da harshe, kuma a lissafinsu mai jin Turanci yana buƙatar kimanin mako 44 a aji, sama da awa 1,000, kafin ya kai wannan matakin a Hausa, Larabci kuwa mako 88. Na kawo wannan ne don ka ga professional working ba ƙaramin matsayi ba ne duk da tana tsakiyar jerin, mutane ke raina ta.

Native kuma ba maki ba ce da ake ci, tarihi ce, harshen da ka buɗe ido ka tarar ana yi a gidanku. Yawancinmu Hausa ce ko Fulatanci ko Kanuri, Turanci a makaranta muka haɗu da shi, don haka komai gogewarka full professional ce taka kuma ba faɗuwa ba ce. Su kansu masu CEFR sun fito sun ce C2 ba tana nufin ka zama kamar ɗan asalin harshe ba, har a gyaran da suka fitar a 2020 suka cire kwatanta mai koyo da ɗan asali daga bayanan matakan. Sannan abun yana da ɗaya gefen da ba ma son faɗa wa kanmu, kasancewarka native a Hausa bai sa ka zama proficient a rubuta ta ba. Kamfanin fassara zai turo maka gwaji, a nan ne za a ga wanda bai san inda ake raba kalma ba, wanda ba ya bambance "ƙ" da "k", wanda duk jimlarsa Turanci ce aka sa wa hula. Da yawa daga nan suke faɗuwa suna mamaki, wai yaren uwata ne fa.

In muka bar harshe muka koma sana'a akwai wasu 'yan gida ɗaya da su ma ake cakuɗawa, skilled da experienced da qualified da licensed. Skilled hannu ne, ya iya aikin. Experienced shekaru ne, ya daɗe yana yi. Qualified takarda ce, ya yi karatun an ba shi shaida. Licensed kuma izini ne daga hukumar da ke kula da sana'ar, kamar MDCN ga likitoci ko COREN ga injiniyoyi. Bakaniken da ya shekara ashirin a gareji, wanda daga jin ƙarar inji zai ce maka matsalar daga ina take, skilled ne experienced ne, amma in bai je ya yi Trade Test na ma'aikatar ƙwadago ko wani abu makamancinsa ba, a idon fom ba qualified ba ne. Yaron da ya gama digiri jiya kuma qualified ne ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Hatta unskilled da ake cewa leburori ba tana nufin aikin ba ya buƙatar dabara ba, duk wanda ya taɓa gwada ɗaukar buhu ya hau katako zuwa bayan tirela ya san da dabara, kawai dai aiki ne da ba a neman takardar horo kafin a ɗauke ka. Talented da gifted baiwa ce, waɗannan bari wani ya faɗa a kanka. Expert ma haka, ni dai in na ga matashin da bai fi shekara ɗaya da gama bautar ƙasa ba ya rubuta expert a abu biyar, sai in fara shakkar sauran abun da ke takardar.

Akwai kuma ƙananan da ke zuwa a tallan aiki waɗanda sanin nauyinsu zai hana ka tsorata ka fasa nema. "Familiar with" na nufin ka san abun, ka taɓa taɓa shi, ba baƙonka ba ne. "Working knowledge" ta ɗara ta, zaka iya lallaɓawa ka yi aikin yau da kullum ko da sai ka ɗan leƙa YouTube. "Conversant with" da ma'aikatun gwamnati ke so kusan familiar ce da ta sa babbar riga. Computer literate kuwa ta tsufa, yanzu ba ta gaya wa kowa komai. Sannan "good at" ake cewa in ana maganar iya abu, "good at maths", "good with" kuma in mu'amala ce da mutane ko aikin hannu.

Biyu daga cikin namu na gida su ma sai an kula da su in an fita waje. "You tried" a Najeriya yabo ne, daidai da mu ce ka yi ƙoƙari, amma ka faɗa wa Bature haka bayan ya gama gabatar da aikinsa sai ransa ya ɓaci, don a kunnensa cewa ka yi ya gwada bai yi nasara ba. "I hear Arabic" kuma "ina jin Larabci" ce muka ɗauko ɗungurungum, shi abun da zai fahimta shi ne sautin Larabci na shiga kunnenka, speak ko understand ake cewa.

A aikace dai, in fom ya ba ka jeri, fara duba na wace hukuma ne kafin ka danna, yawanci akwai ɗan bayani a gefe da ba ma karantawa. In kuma sibi ce da kai ke rubutawa da kanka, abun da ka yi ya fi kowace sifa amfani. Mai ɗaukar aiki ya ga "proficient in Microsoft Office" sau ba adadi, kuma ya san da yawa daga masu rubuta ta in aka zaunar da su gaban Excel aka ce su haɗa pivot table sai zufa, amma in ka rubuta cewa kai ke haɗa rahoton kuɗin wata-wata na shago ko makaranta da Excel, ya san me zai tambaye ka kuma kai ma ka san amsar. A harshe ma haka, in kana da sakamakon jarabawa rubuta makin da shekarar da ka yi ta, don yawancin jami'o'i da ofisoshin biza ba sa karɓar IELTS ɗin da ya wuce shekara biyu, ko 8 ka ci sai ka sake biya ka sake zama.